Yadda ake zaɓen iyafis mai ɗumin sauti da matsakaicin kuɗi

Ƙanena da ke karatu a jami'ar Umaru Musa ya same ni ran Juma'a bayan an sakko masallaci, ya ce yaya dan Allah iyafis nike so ka zaɓa mani mai kyau, na ɗan tara kuɗi, na gaji da waɗanda in na sa su minti talatin sai kunne ya fara zafi kai ya ɗau ciwo. Na ce ma shi to mi kake saurare? Ya ce ƙira'a da dare, sai lakcocin da ake turowa a WhatsApp, sai kuma waƙoƙin Hausa in yana wanki ko ya hau mota zuwa Daura. Tun kafin ya rufe baki na gane abin da yake nema duk da bai san sunanshi ba, sauti mai ɗumi yake so, kuma abin da na zaunar da shi na faɗa ma shi ranar shi ne zan rubuta nan, tunda na san ba shi kaɗai ke da wagga matsalar ba.

Iyafis ɗin da nike magana shi ne mai bakin roba wanda ke shiga cikin ramin kunne ya toshe shi, mai igiya. Farashi kuma da dala zan riƙa faɗi saboda naira ba ta zama wuri ɗaya, abin da na rubuta yau wata mai zuwa ya canza, sai ka duba canjin ranar ka lissafa. Matsakaicin kuɗi a wagga harkar yana kamawa daga wajen dala 50 zuwa dala 150, amma zan ɗan leƙa ƙasa da haka dan akwai masu dala 25 zuwa 35 da suka cancanci a ambace su.

Matakin farko, ka san mi ake nufi da ɗumi, dan nan ne mafi yawanmu ke faɗawa rami. Ka shiga shagon waya ka ce kana son mai sauti mai daɗi, yaron shago zai miƙo ma wanda bes ɗinshi ke dukan kai kamar an kunna sifikar biki a cikin ɗaki, ya ce oga ji yadda yake bugawa. Wannan bugu ne kawai. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga wajen 20 Hz har 20,000 Hz, Hz ɗin shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti, ƙananan lambobi su ne amo mai kauri, manyan lambobi su ne siririn sauti mai kaifi. Can ƙasa daga 20 zuwa 60 nan ne gurnanin da kake ji a ƙirji yake, daga 60 zuwa wajen 250 nan jikin ganga yake da kaurin muryar namiji, dan asalin muryar babban namiji tana yawo ne tsakanin 85 da 180, ta mace kuma tsakanin 165 da 255. To ɗumi shi ne a ɗan ɗaga wannan yankin na 100 zuwa 300 kaɗan, a kuma sassauta kaifin sama, sai ka ji murya ta cika ta yi jiki, kalangu ya fito da kaurinshi, kidan garaya ya yi taushi, harafin s da sh da ts su daina sukan kunne kamar allura. Wancan sukan yana zaune ne wajen 5,000 zuwa 8,000 Hz, kuma shi ne ke gajiyar da mutum har ya ji kanshi na sarawa.

Amma fa ɗumi in ya yi yawa sai ya zama laka. In kamfani ya cika yankin 200 zuwa 500 fiye da kima, za ka ji kamar mai magana ya rufa da bargo, kalmomi su haɗe, ka kasa rarrabe kidan da ke baya. Saboda haka abin da kake nema tsaka-tsaki ne, murya mai kauri wadda har yanzu kana jin kowane harafi. Ni a ganina wanga irin sautin ya fi dacewa da mu nesa ba kusa ba, saboda dubi abin da muke saurare, odiyon da aka tura a WhatsApp sau goma ya matse ya lalace, tafsirin da aka ɗauka da waya daga bakin lasifikar masallaci, tsoffin waƙoƙin da aka kwaso daga kaset da shuuu ɗinsu, da waƙoƙin situdiyo na yanzu da ake ƙure ma murya inji har ta yi tsini. Iyafis mai kaifi duk aibin nan zai tono ya zuba ma a kunne, mai ɗumi kuwa yana rufa ma odiyon asiri ka saurara awa biyu ba ka gaji ba.

Mataki na biyu, juya wayarka ka dubi gindinta kafin ka dubi kowane iyafis. In tana da ramin nan zagayayye na 3.5mm kamar yawancin Tecno da Infinix da itel da Redmi, ka huta. In ba ta da shi, kamar iPhone tun daga iPhone 7 na 2016 da manyan Samsung na yanzu, sai ka sa kuɗin dongul a lissafinka, wato ɗan guntun igiyar nan da ke shiga ramin caji ya ba ka ramin iyafis. Nan ma akwai tarko, dongul iri biyu ne, akwai wanda igiya ce zalla ba komai a ciki akwai kuma mai ɗan cif da ke juya sauti wanda ake rubuta ma DAC, wayoyin Samsung ba su karɓar na farkon sai mai cif, shi ya sa za ka ga mutum ya sayo na ɗari biyar waya ta ce ba ta gane shi ba. Na Apple mai USB-C wajen dala 9 ne kuma sautinshi tsaf yake, akwai kuma na China masu cif CX31993 da ke aiki lafiya. Mai iPhone ya tuna daga iPhone 15 ne aka koma USB-C, na baya Lightning ne, kar ka yi oda a makance. Sannan in kana oda za ka ga an ba ka zaɓi tsakanin fulogin 3.5mm da 4.4mm, ka ɗau 3.5, mai 4.4 ba ya shiga waya ko ka yi ta turawa har gobe, na masu wata na'ura ce daban. Haka maganar makirfo, yawancin irin waɗannan iyafis ɗin ana sayar da su kashi biyu, mai makirfo da marar shi, in kana amsa kira ko kana tura sakon murya ka tabbata mai makirfo ka danna, a hannu kuma gane shi ba wuya, ƙirga zoben da ke jikin fulogin, uku mai makirfo ne, biyu babu.

Wani zai ce mi ya hana ka ce a sayi na bulutut kawai. Ban hana ba, nima ina da Oraimo da nike amsa kira da shi a kan hanya. Sai dai in ka ba da kuɗi ɗaya, a na bulutut kana biyan batir da cif da makirfo da akwatin caji ne, abin da ya rage shi ke tafiya ga sauti, ga shi batirin nan ƙanana ne kuma ba a canza su cikin sauƙi, in suka gaji shi ke nan. Mai igiya ba ruwanshi da an kawo wuta ko ba a kawo ba.

Mataki na uku, igiyar ta zama mai cirewa. Wannan ina nanata shi ga duk wanda ya tambaye ni, saboda cikin iyafis goma da suka mutu a hannuna kusan dukkansu igiya ce ta tsinke daga wuyan fulogi, kunne ɗaya ya ɗauke, alhali abin da ke ciki lafiyarshi lau. In igiyar na cirewa sai ka sayi wata da 'yan kuɗi ka ci gaba. Mahaɗin iri biyu ne suka fi yawa, mai tsinke biyu na 0.78mm da kuma MMCX mai zagaye da ke juyawa, ni na fi son mai tsinke biyu dan igiyarshi ta fi sauƙin samu kuma ba ya saurin yin sako-sako.

Abin da ke cikin iyafis ɗin ba sai na tsawaita ba. Akwai dainamik, wato 'yar ƙaramar sifika mai fata da maganaɗisu irin ta rediyo, akwai wanda ake rubuta ma BA ɗan mitsitsi da aka fara amfani da irinshi a na'urar taimakon ji, akwai filana mai shimfiɗaɗɗiyar fata siririya, akwai kuma masu haɗa su. In ɗumi kake nema a wannan kuɗin, dainamik ɗaya mai kyau ya ishe ka, shi ke ba da bes mai kama da na gaskiya. Kar kwali ya ruɗe ka da an rubuta direba, wato irin waɗannan 'yan sifikun, takwas ko goma a kowane kunne, yadda aka daidaita sautin shi ne magana, na sha jin mai guda ɗaya ya kada mai guda shida.

Yanzu sunaye, tunda na san shi ake jira. Shure SE215 tsohon hannu ne, tun 2011 yake kasuwa, wajen dala 99, dainamik ɗaya, igiya MMCX, sautinshi mai kauri ne sama kuma a kwance, yana toshe hayaniya sosai shi ya sa mawaƙa ke sa shi a dandamali, sai dai sababbin da suka fito bayanshi sun fi shi fito da ƙananan abubuwa a kida, kuma saboda sunanshi jabunshi sun cika kasuwa. Final E3000 na kamfanin Japan ne, wajen dala 55, ɗan siriri kamar harsashi da jikin ƙarfe, in ana maganar ɗumi mai taushi wanda za ka kwanta da shi kana jin ƙira'a har barci ya ɗauke ka to shi ne, ga shi ƙarami ba ya danne kunne a kan filo, illarshi igiyarshi ba ta cirewa kuma yana son a ɗan ƙara ma shi bolum. Truthear Zero:Red ya fito 2023, shi ma wajen dala 55, dainamik biyu ne a ciki ɗaya na kula da can ƙasa, ɗuminshi kaɗan ne mai tsabta, har da wani ɗan adafta na 10 ohm a kwalin wanda in ka jona bes ke ƙaruwa, amma bututunshi da ake sa ma roba kauri gare shi, mai ƙaramin ramin kunne zai iya jin ya takura. Moondrop Aria ya fito 2021 a wajen dala 80, sauti mai laushi da ba ya faɗa da kowa. In kuɗin sun kai dala 150 akwai Sennheiser IE 200, ƙarami marar nauyi, robarshi ana iya tura ta mataki biyu a kan bututun, in ka tura har ƙarshe bes ya fi cika.

In kuma aljihu bai kai can ba kar ka ji komai, 7Hz Zero 2 wajen dala 25 ne, Kiwi Ears Cadenza wajen dala 35, BLON BL-03 na 2019 wanda ya yi suna saboda ɗuminshi shi ma nan wajen yake sai dai bututunshi gajere ne wasu sai sun nemi doguwar roba kafin ya zauna. Wallahi ga wanda ya taso daga iyafis ɗin da ake ratayawa a bakin titi, ko waɗannan ya sa zai ji kamar an wanke ma shi kunne. Akwai kuma waɗanda ake yabo sosai kuma sun cancanci yabon amma ba naka ba ne in ɗumi kake so, irin Tin HiFi T2 da Letshuoer S12 da Simgot EA500 da Moondrop Chu na farko, duk suna da haske da kaifi a sama, masu son jin kowane ƙyas a kida su suke nema, kai kuwa abin da ka gudo ma kenan.

Mataki na huɗu ga mai data da ɗan haƙuri, ka koyi duba zanen sauti. In ka rubuta sunan iyafis a Google za ka ga wani zane mai layi yana hawa yana sauka, hagu bes ne, tsakiya murya, dama kaifi. Ba sai ka zama injiniya ba, abu uku kawai za ka duba. Hagun ya ɗaga kuma ya sauko a hankali har ya wuce 200 kafin ya daidaita, wannan gangaren shi ne ɗumin, in ya faɗo da wuri tun kafin 150 to gurnani kawai za ka samu murya ta zama siririya. Sai tudun da ke wajen 3,000, dole ne ya kasance dan ramin kunnenmu da kanshi yana ƙara sauti a nan kuma iyafis in ya toshe ramin sai ya maido da shi, amma in tudun ya yi tsayi ƙwarai muryar mata da algaita za su riƙa yi ma ihu. Na uku kar ka ga tsini mai tsayi tsakanin 5,000 da 7,000. Abin da ya haura 8,000 kar ka ɗora ma shi nauyi sosai, na'urar awon da kanta tana da tsini a nan. Za ka kuma riƙa cin karo da sunan Harman, wani ma'auni ne da kamfanin Harman ya fitar bayan bincike kan irin sautin da yawancin mutane suka fi so, na iyafis an sabunta shi 2019, to shi ma'aunin yana da gurnani da murya mai fitowa gaba amma yankin ɗumin nan nashi ba ya da kauri sosai, dan haka in ka ga layin iyafis ya ɗan haura shi wajen 200 ya kuma ɗan kasa shi wajen 3,000 zuwa 6,000, ka samu abin da kake nema.

Mataki na biyar, inda za ka saya. Gaskiya irin waɗannan sunayen ba kasafai za ka same su rataye a shagunan waya na cikin gari ba, ko a Farm Centre ta Kano sai ka yi yawo, yawanci oda ake yi ta AliExpress ko a duba Jumia da Konga da Jiji, ko a ba wani mai dawowa daga waje saƙo. In AliExpress ne ka nemi shagon kamfanin na kanshi ko manyan dillalan da suka daɗe, ka duba shekarun shagon da hotunan da masu saye suka ɗora, kuma in ka ga abin dala 99 ana ba ka shi dala 15 ka san jabu ne, ba wani rangwame. Kaya na iya ɗaukar makonni kafin su iso, ka sa lambar wayar da kake ɗauka, ranar da ya zo kuma ka kunna bidiyo kafin ka yage leda har ka buɗe kwali ka jona, dan shi ne shaidarka in an samu matsala. Ni an taɓa aiko mani da wanda kunnen hagu ya fi na dama ƙara sosai, wani mai sayarwa ne a intanet, da ban ɗau bidiyon ba da kuɗina sun tafi. In na hannu za ka saya wajen wani, ku haɗu ido da ido ka gwada, ka leƙa ragar bakin bututun ko ta toshe, ka girgiza igiyar wajen fulogi kana saurare, robar kuma ka yar da tashi ka sa sabuwa.

Mataki na shida shi ne wanda ya fi duk sauran, kuma shi ne aka fi rainawa, wato robar baki da yadda ta zauna a kunne. In roba ba ta toshe ramin kunne ruf ba, bes ɗin duk zai tsiyaye ta gefe, iyafis ɗin dala 150 ya koma yana ƙara kamar gwangwani, sai mutum ya ce an cuce shi alhali robar ce ba tashi ba. Kwali yana zuwa da ƙarama da matsakaiciya da babba, kar ka tsaya a wadda ka tarar a jiki, zauna ka gwada dukkansu. Yadda ake sawa, in kunnen dama ne ka zagayo da hannun hagu ta saman kai ka ja saman kunnen sama da baya kaɗan, ramin zai miƙe, ka tura a hankali kana ɗan murzawa sannan ka saki. In ya zauna za ka ji hayaniyar waje ta ja baya, in ka yi gunguni da baki rufe za ka ji muryarka ta cika kai, in ka murza yatsu biyu kusa da kunne da ƙyar za ka ji su. In ka yi hamma ko ka tauna ya kwance to robar ta yi ƙarama, in kuma bayan minti goma wajen na zugi ta yi girma. Kuma ba abin mamaki ba ne kunnen hagu ya so matsakaiciya na dama ya so babba, kunnuwan mutum ba ɗaya suke ba. Yawancinsu igiyar ta bayan kunne ake ɗora ta, L hagu R dama, inda aka sa ja to na dama ne.

Robar tana canza sauti ma ba toshewa kaɗai ba. Mai ƙaramin rami tana rage kaifi ta ƙara kauri, irin Final Type E da mutane ke saye daban su sa a wasu iyafis ɗin, mai faffaɗan rami kuma tana buɗe sama. Akwai ta soso irin Comply wadda ake murzawa ta ƙanƙance a sa ta kumbura a ciki, tana tausasa kaifi tana toshe ƙara, amma a zafin Afrilu da Mayu na Katsina ga gumi ga ƙura ba ta daɗewa take yin datti ta marmashe, ni da bazara siliki nike sawa. Kafin ka yanke hukuncin iyafis ɗinka ya cika kaifi ka fara canza roba, ya fi sayen sabo arha.

Mataki na bakwai, gwaji. Kar ka gwada da waƙar da mai shago ya kunna ma, ka zo da naka guda huɗu ko biyar da ka haddace kamar sunanka. Fara da murya zalla, karatun malamin da ka saba ji ko labaran rediyo, muryar ta tsaya a tsakiyar kai daidai, in ta karkata gefe ɗaya ka musanya robar ka sake, in ba ta gyaru ba iyafis ɗin ne. Ka kasa kunne ga sin da sad da shin a ƙira'a, su fito sarai ba tare da sun tsira ma ba. Sai waƙa mai kalangu ko ganga, ka ji ko kowane bugu na tashi ya sauka ko kuwa suna haɗewa su zama guuu ɗaya. Sai muryar mace mai tashi sama, nan ne mai ihu ke tona kanshi. Daga ƙarshe ka kunna mafi munin odiyon da ke wayarka, in ka iya jure shi minti biyar to iyafis ɗin ya yi. Duk wannan a bolum ɗin da ka saba ji, saboda komai in aka ƙure shi yana yin kamar ya fi daɗi na ɗan lokaci, da wannan ake kama mai saye. Kuma ka ba shi kamar mako ɗaya, wanda ya saba da kaifi ranar farko zai ji mai ɗumi kamar a dushe, kwana uku huɗu kunne ya saba sai ya fara jin abin da ke ciki. Masu cewa sai an bar shi yana kida awa ɗari kafin ya nuna, ni dai abin da na lura kunnen mai shi ne ke sabawa.

In bayan haka saura ƙiris ya yi ma yadda kake so, ikwalaiza na nan, wato manhajar da ke ɗaga ko sauke kowane yankin sauti. A Android akwai Wavelet da Poweramp Equalizer, wasu wayoyin ma suna da nasu a cikin setin. Ɗaga wajen 125 da 250 da kamar 2 dB, wato ma'aunin ƙarfin sauti, sauke wajen 4,000 zuwa 8,000 da 2 ko 3, ka tsaya nan ka saurara kwana biyu kafin ka sake taɓawa. Ragewa ta fi ɗagawa lafiya, in ka ɗaga da yawa sauti zai fara fashewa sai ka sauke babban bolum na cikin manhajar.

Dan Allah maganar bolum kar a ɗauke ta wasa, ina da aboki da kunnenshi ke kuka dare da rana yanzu kuma ji in ya tafi ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraren 80 dB na awa 40 a mako lafiya, kuma duk ƙarin 3 dB yana raba lokacin biyu, ka ga kenan ɗan ƙarin da kake gani ba komai ba yana cinye awoyinka da sauri. Amfanin iyafis mai toshewa da kyau kenan, ba sai ka ƙure ba dan ka danne ƙarar janareto ko ta Napep, ka tsaya ƙasa da kashi 60 na bolum ɗin waya ka riƙa cirewa kana hutawa. Kuma kar ka sa shi kana kan babur ko kana tsallaka titi wajen Ƙofar Ƙaura da yamma, toshewar da ke ma daɗi a ɗaki ita za ta hana ka jin hon.

Sai kula da shi, dan garinmu ba ya raga ma kayan lantarki. Da hunturu ƙura na haɗuwa da dattin kunne ta toshe 'yar ragar bakin bututu, sai ka ji gefe ɗaya ya yi ƙasa ka zaci ya lalace, cire robar ka juya bakin ƙasa ka share da busasshen tsohon buroshin haƙori a hankali, kar ka zura allura ko tsinken ashana za ka huda ragar. Robar kuma cire ta ka wanke da ruwan sabulu duk mako ta bushe sarai kafin ka maida, kuma ba a aron roba ko tsakanin wa da ƙane, ciwon kunne na bin ta. A hunturun nan kuma wani lokaci za ka ji ɗan tsit kamar wuta ta ja ka a kunne musamman in rigarka mai santsi ce, bushewar iska ce ke tara shi a jiki, ba iyafis ɗin ne ya lalace ba. Masu jikin ƙarfe kuma in ka fito daga ɗaki mai AC ko da damina suna iya tara raɓa a ciki sauti ya ragu, ka ajiye 'yar ledar nan mai ƙwayoyi da ke zuwa cikin kwalin takalmi a cikin jakarshi tana tsotse laima. Kar ka naɗe igiya a jikin waya ka cusa aljihu, naɗe ta a yatsu uku sakwa-sakwa ka sa a jaka, in za ka cire daga waya ka kama kan fulogin, igiyar mai tsinke biyu kuma ba a yawan cire ta ana maidawa, in za ka cire ka ja ta miƙe kar ka lanƙwasa.

Shi ƙanen nawa da muka lissafa kuɗinshi da na dongul tunda wayarshi ba rami, Zero 2 mai makirfo ya ɗauka, ya ce in ya fara samun alawus ɗin bautar ƙasa zai haura sama. Ranar da ya iso ya kira ni ya ce yaya ba bes ko kaɗan a hagu, na ce cire matsakaiciyar ka sa babba a wannan gefen kawai ka ja kunnen sama kafin ka tura, na ji shiru na ɗan lokaci sannan ya ce ya zauna.